Halal da haram: mizanin yana nan daram, ko zamani na juya shi?

Nura Samaru: Assalamu alaikum. Malamanmu na wannan zaure, a taimaka a warware mana wani ƙulli. A kan mumbari ana cewa halal halal ne, haram haram ne har tashin alƙiyama. Amma littattafan da ake biyawa a zaurukan cikin Birni suna da babin 'yanta bawa da hukuncin mayar da kuyanga mai aibi, alhali yau ba malamin da zai ce a je kasuwa a sayo mutum. Sayyidina Umar bai yanke hannun ɓarawo ba a shekarar yunwa. Imamu Shafi'i yana da tsohuwar magana ta Iraƙi da sabuwa ta Masar. To mizanin ɗaya ne, ko kowane zamani da nasa?

Malam Sani Ƙofar Doka: Wa alaikumus salam. Nura, misalanka uku ba daga gida ɗaya suka fito ba, shi ya sa suka rikita ka. Akwai hukuncin da nassinsa yankakke ne ta wajen tabbata da ta wajen ma'ana. Buɗe Suratul An'am daga aya ta 151 zuwa 153: shirka, saɓa wa iyaye, kashe 'ya'ya don tsoron talauci, alfasha, kisan rai ba da haƙƙi ba, cin dukiyar maraya, tauye mudu da sikeli, son kai a wajen shaida, warware alkawari. Babu mujtahidin, wato malamin da ya kai ga ciro hukunci da kansa, da ya taɓa waɗannan. Akwai kuma wanda nassinsa ke ɗaukar fahimta fiye da ɗaya, kamar shafar kai a alwala: Malik ya ce duka, Abu Hanifa ya ce rubu'i, Shafi'i ya ce ko ɗan sashe. Yawancin sauyin Shafi'i a nan yake, ya iske hadisai da dalilan da suka sa ya sake nazari.

Sai na uku, wanda shari'a da kanta ta rataya shi a kan halin mutane. Zakkar fidda-kai sa'i ɗaya ce, mudun Annabi huɗu, daga abincin da ya rinjaya a gari. Mutanen Madina ba su san masara ba, daga nahiyar Amurka ta zo bayan ɗaruruwan shekaru, amma mutumin Giwa ko Soba da tuwon masara ne cimarsa ita zai fitar. Awon bai motsa ba, abin da ake aunawa ne ya bi gari.

Batun Umar kuwa, haddin sata yana da sharuɗɗa. Kayan ya kai nisabi, rubu'in dinari, wato wajen giram 1.06 na zinari, ko dirhami uku. An ɗauke shi daga ma'ajinsa. Babu shubuha, wato shakkar da ke kawar da haddi. Yunwar da ke kai mutum ga halaka shubuha ce, don haka a shekarar 18 bayan Hijira sharaɗi ne ya faɗi. Duba abin da ke cikin Muwaɗɗar Imamu Malik: bayin Haɗibu suka saci raƙumar wani mutumin Muzaina suka soke. Umar ya ce wa Haɗibu yana ganin yunwa yake bar su da ita, ya tambayi mai raƙuma kuɗinta, ya ce dirhami 400, sai ya ɗora wa ubangidan 800. Sata tana nan haramun a wannan shari'ar. Umar ya bi sawu ne ya gano wanda ya jawo ta.

Dakta Hadiza Samaru: Allah gafarta Malam, wannan ya amsa tambayar fiƙihu, amma akwai wadda ke ƙarƙashinta. Zalunci mummuna ne saboda Allah ya hana, ko Allah ya hana ne saboda mummuna ne? Aflaton, masanin falsafar Girka, ya jefa irin wannan tambaya tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, malaman tauhidi kuma suka yi ta da kansu. Mu'utazilawa, irin su Alƙali Abdul Jabbar wanda ya rasu a 415 Hijira, sun ce kyau da muni suna jikin aikin, hankali na iya gano su kafin wahayi. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda yawancin malaman ƙasar nan na da suka bi aƙidarsa, ya ce shari'a ce ke sa wa aiki hukuncin kyau ko muni. Maturidawa suka tsaya tsakani.

Dalilin da ya sa na kawo shi: in muka bi Ash'ari tsantsa, abin da ba ya canzawa shi ne biyayya ga umarni, shi kuwa umarnin ya sha canzawa. 'Yan'uwan Annabi Yusuf sun yi masa sujada, mu an hana mu. An haramta wa Yahudawa kitsen shanu da tumaki a An'am 146, mu muna ci. Ma'ida 48 ta faɗa ƙarara cewa kowace al'umma da tata shari'a da tafarki. Mai cewa ɗabi'a abin zamani ce zai ce ga hujjarsa daga bakinku.

Alaramma Bashir Unguwar Juma: Dakta, ana yawan ɗora wa Ash'arawa abin da ba su faɗa ba. Ba su musa cewa hankali yana ganin ilimi kamala ne, jahilci tawaya ne, ko cewa ɗan Adam yana ƙyamar zalunci. Inda suka tsaya shi ne lada da azaba: ba a kama mutum da su sai manzo ya zo, kamar yadda Isra'i 15 ta ce. Sannan ki lura da irin abubuwan da aka shafe. Alƙibla ta juya, abinci ya sauya, siffar gaisuwa ta sauya. Ba a taɓa samun annabin da ya zo ya halatta cin amana ko shaidar zur ba. Shura 13 ta haɗa Nuhu da Ibrahim da Musa da Isa da Annabinmu (SAW) a kan addini guda. A'araf 28 kuma, da mushirikai suka ce Allah ne ya umarce su da alfasha, amsar da aka ba su ita ce Allah ba ya umarni da alfasha. Da ba su san munin abin ba tun farko, wannan amsa ba za ta zama hujja a kansu ba. Haka Hilful Fudul, alkawarin da Ƙuraishawa suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'an na tsaya wa wanda aka zalunta. Kafin annabci aka yi shi, masu shirka suka yi shi, Annabi kuma ya ce da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci zai amsa.

Yohanna Wusasa: Salama gare ku, malamai. Mu ma Kiristoci muna da wannan muhawara, kuma kusan rabon iri ɗaya ne. Toma Akwinas, malamin Kirista wanda ya rasu a 1274, ya kasa dokokin Attaura uku: na ɗabi'a, na ibada, da na shari'ar ƙasar Isra'ila. Na farko, irin Dokoki Goma na Fitowa sura 20, su ne ake cewa ba sa tashi. A Ayyukan Manzanni sura 15 taron Urushalima ya sauke wa waɗanda ba Yahudawa ba wajibcin kaciya, amma bai sauke musu haramcin fasikanci ba. Romawa 2:14-15 kuma tana cewa waɗanda ba a ba Attaura ba suna da aikin shari'a rubuce a zukatansu, abin da ya yi kusa da maganar Alaramma.

Ga misalin da ya shafi gidajen Hausawa kai tsaye. Taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth a 1888 ya ce kada a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. Abin da ya biyo baya a aikace shi ne mutum ya saki sauran matan domin a karɓe shi, su koma gida da 'ya'ya ba mai riƙo. A 1988 taron ya sake zama ya ce a karɓe shi tare da matansa da suka ba da gaskiya, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba muddin ɗayarsu na raye, jama'ar ikilisiyar wurin sun yarda, kuma ba za a sa shi ya kori kowa ba. Koyarwar mace ɗaya tana nan. An gane cewa hanyar da aka bi don tsare ta tana zubar da mata da yara, wanda shi ma laifi ne a cikin littafin guda.

Barista Aminu Kongo: Na gode, ɗan'uwa Yohanna. Bari in kai maganar gaban alƙali, don a can ake ganin illar kasa bambancewa. Mafi ƙarancin zaman ciki wata shida ne, kuma daga Alƙur'ani aka ciro shi: Ahƙaf 15 ta ce ciki da yaye wata 30, Baƙara 233 ta ce shayarwa shekara biyu, wata 24, saura shida. Mafi tsawonsa kuwa babu aya babu hadisi. Malikawa suka ce shekara huɗu ko biyar, bisa abin da mata suka ba da labari a lokacin, Hanafawa biyu, bisa wata magana da aka jingina wa Nana A'isha. Shi ne kwantaccen ciki da muke ji. Yau likita a asibitin Shika zai sa na'urar hoton ciki ya faɗi makonnin ɗan tayi, bambancin bai wuce 'yan kwanaki ba in a farkon ciki ne.

To amma a yi hattara. A shari'ar Amina Lawal, bazawarar da aka yanke wa hukuncin jefewa saboda cikin da ta samu, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta sallame ta a 2003, wannan tsohuwar magana tana cikin abin da aka dogara da shi, tunda ba ta daɗe da fita daga gidan miji ba. Wanda zai yi gaggawar cewa kimiyya ta rushe ta, ya sani cewa a babin haddi aikinta kawar da kisa ne ta hanyar shubuha. A babin gado da nasaba kuwa tana iya jingina wa mamaci ɗan da ba nasa ba, a rage wa magada rabonsu. Magana ɗaya, babi biyu, sakamako daban. Alƙalin da bai san dalilin da aka gina ta a kai ba zai yi ɓarna ko ya riƙe ta ko ya sake ta.

Malama Rabi Tudun Jukun: To wa ke da ikon cewa wannan hukunci ya bi al'ada? Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Yau ɗan kwangila zai ce ba a sa hannu a fayil sai an ba da na goro, kowa na yi, zamani ne. Gobe mai awo ya bubbuga gindin tiya ya ce duk kasuwa haka take.

Malam Sani Ƙofar Doka: Malama, tsoronki a wurinsa yake, kuma malaman usulu sun sa wa ƙofar sakata. Mufti zai fara duba ko akwai yankakken nassi a kan mas'alar. In akwai, magana ta ƙare, ko duk gari sun taru a kan saɓaninsa. Cin hanci an la'anci mai bayarwa da mai karɓa, tauye mudu sura guda aka saukar da sunansa, yawan masu yi ba ya wanke su. In babu, sai ya tambaya: wannan hukuncin da ke cikin littafi, a kan me aka gina shi? In ya tabbata a kan al'adar mutane ne, sai ya bincika ko al'adar ta sauya da gaske, ta game gari, tana nan a lokacin da abin ya faru, kuma masu mu'amalar ba su faɗi saɓaninta da bakinsu ba. Bayan nan ya auna sabon hukuncin da abubuwa biyar da Gazali ya ce shari'a ta zo tsarewa: addini, rai, hankali, zuriya, dukiya.

Ƙarafi, Bamalike ne na Masar da ya rasu a 684 Hijira, ya ce in baƙo ya zo maka da tambaya kada ka ba shi fatawa da al'adar garinku, ka tambaye shi ta garinsu. Shaɗibi, malamin Andalus, ya kawo misalin tafiya ba hula: a ƙasashen gabas zubar da mutunci ne har ya taɓa karɓar shaidar mutum, a ƙasashen Magrib na yamma ba komai ba ne. Tsare mutunci wajibi ne a wurare biyun.

Ko a gidanmu an yi wannan. Bayan jihadi Malam Abdullahi na Gwandu ya tsananta a kan kiɗa da tufafin ƙawa da laƙabin sarauta. Shehu Usmanu a Najmul Ikhwan ya sassauta a abin da malamai suka yi saɓani a kai, ya kuma ce a riƙa karanta littattafan malaman zamani domin sun fi sanin abin da ya fi muhimmanci a lokacinsu. Wa da ƙane suka saɓa a kan tambari da alkyabba, amma ba wanda ya sassauta a kan cin dukiyar talaka.

Lalura ma tana da iyaka. Mai jin zai mutu ya ci mushe gwargwadon abin da zai tsayar da rai, Baƙara 173. Wanda aka tilasta ya furta kalmar kafirci zuciyarsa na natse, Nahli 106, kamar Ammar ɗan Yasir. Amma in aka ɗora maka bindiga aka ce kashe wane ko a kashe ka, malamai sun haɗu a kan ba ka da izini, ranka bai fi nasa ba.

Nura Samaru: Malam, na gamsu da biyu. Har yanzu ba a taɓa bauta ba.

Malam Sani Ƙofar Doka: Bauta halattawa aka yi, ba a wajabta ta ba, kuma ba a ƙirƙire ta ba, iske ta aka yi. Aka toshe hanyoyin shigarta in ban da kamun yaƙi da haihuwa a cikin bauta, har Bukhari ya ruwaito cewa Allah da kansa zai yi husuma da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Aka buɗe hanyoyin fita: kaffarar kisan kuskure a Nisa'i 92, ta rantsuwa a Ma'ida 89, ta zihari a Mujadala 3, fansar kai a Nur 33, da kaso a cikin zakka a Tauba 60. Shugaba yana da ikon hana abin da yake halal don maslaha, ƙasashen Musulmi kuma sun shiga yarjejeniyar hana ta, cika alkawari wajibi ne.

Dakta Hadiza Samaru: Malam, duk wannan gaskiya ne, amma mu faɗi sauran. A ƙasar Zazzau ta ƙarni na 19 ana kai hari kudu ana kamo mutane, ana zuba su a rinji, wato ƙauyen bayi, suna noma, ana haɗa wasu cikin gaisuwar da ake kai wa Sakkwato. Ahmad Baba na Tumbutu a 1615 ya yi rubutu cewa baƙar fata ba dalilin bautarwa ba ne, kuma Musulmi ɗa ba ya bautuwa, amma bai rufe ƙofar a kan wanda ba Musulmi ba. Sanarwar Turawa ta 1901 ce ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, dokar 1936 ta ƙarasa kashe ta a Arewa, Saudiyya sai 1962. Yau kuma ba cewa muke yi an daina don yarjejeniya kawai ba. Ƙyamarta muke yi. Da aka sace 'yan matan Chibok a 2014 aka yi barazanar sayar da su, malamai ba su tsaya lissafin sharuɗɗa ba, cewa suka yi zalunci ne.

Abin da nake gani shi ne wannan bai taimaki mai cewa kowane zamani da gaskiyarsa ba. In haka ne, ba shi da bakin cewa wanda ya kamo yarinya daga ƙauyensu a 1850 ya yi laifi, tunda zamaninsa ya yarda. Sai da ma'aunin da ya wuce zamanin biyu za a ce mun fi su daidai a wannan. Amma bai taimaki mai cewa duk abin da ke cikin Muktasar, littafin fiƙihun Malikawa, daidai yake da abin da ke wurin Allah ba. Isra'i 70 ta ce an karrama 'yan Adam tun ranar da ta sauka. Masu karatun ne suka ɗauki ƙarnuka kafin su bi ta har ƙarshenta, kuma ba abin da ya ba mu tabbacin mu mun gama.

Alaramma Bashir Unguwar Juma: Ina tare da ke har zuwa jimlar ƙarshe, Dakta, amma ina sa mata linzami. Abin da shari'a ta halatta bisa sharuɗɗansa ba za a kira shi zunubi a kan wanda ya cika sharuɗɗan ba, in ba haka ba mun tuhumci sahabbai. Abin da za a ce shi ne mafi yawan abin da aka yi a ƙasar nan bai cika su ba, kuma inda nassoshin suka dosa 'yanci ne. Wannan saɓanin namu ba ƙarami ba ne, kada mu rufe shi.

Alhaji Garba Sabon Gari: Malamai, ga tawa daga kasuwa. Mutum ya ranta wa ɗan'uwansa naira dubu ɗari lokacin da take sayen buhunan masara da yawa. Shekaru sun wuce, yanzu ba ta sayen rabinsu. In ya karɓi dubu ɗari an cuce shi, in ya nemi ƙari an ce riba. Wanne ne ba ya canzawa a nan, adalci ko lamba?

Malam Sani Ƙofar Doka: Alhaji, mafi yawan malamai sun ce bashi da irinsa ake biya, dubu ɗari da dubu ɗari, haka ma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya ce a kuɗin da ba zinari ko azurfa ba, in darajarsu ta hau ko ta faɗi, ƙima ake biya, wasu malaman yanzu kuma suna bin sa idan faɗuwar ta yi muni ƙwarai. Abin da ba wanda ya yarda da shi shi ne a sharɗanta ƙari tun ranar bayarwa.

Mafita tun farko ake yin ta. In bashin zai daɗe, ka ba shi buhunan masarar da kansu, a rubuta adadi da nau'i da girman buhu gaban shaidu biyu, ya mayar da buhu. Ko ka ba shi zinarin a hannu, a rubuta giram da karat. Kuskuren da ake yi shi ne a miƙa naira sannan a rubuta dala ko zinari a takarda, wannan ba abin da aka bayar ba ne, kuma ta nan riba ke shigowa. In kuma an riga an bayar da naira, mai biya zai iya ƙarawa don kansa, Annabi ya ranci ɗan raƙumi ya biya da babba. Sai dai a mazhabarmu Risala ta kawo saɓani a kan ƙarin adadi a wurin biya, ko da babu sharaɗi, babu alkawari, babu al'adar yin haka: a cikin almajiran Malik, Ash'habu ya halatta, Ibnul Ƙasim ya ƙi. In har a layinku an saba duk mai biyan bashi sai ya ɗora wani abu, to al'adar ta zama sharaɗi, ko Ash'habu ba zai ba ku ba. Faɗa mana shekarar da aka bayar da kuɗin, da ko wanda ake bi jinkiri ya yi da gangan alhali yana da halin biya, don hukuncin mai taurin bashi daban yake da na wanda ya rasa.